BA BATSA KAƊAI BA CE LALACEWAR ADABI



Rubutun yau zai ɓata wa wasu rai, har da mutanen da nake ganin girmansu. A yi mini uzuri. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma abin da ya faru a zauren nan makon jiya ya sa na ga shirun ya isa haka.

Duk kun gani. Wata ƙanwarmu, sabuwar marubuciya, ta saka gajeren labarinta na farko. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 13 mai tallan gyaɗa a tasha, wadda wani mai shago ya saba saye mata farantin gaba ɗaya, har ranar da ya ce ta shigo ciki ta karɓi kuɗinta. Marubuciyar ba ta bi su cikin shagon ba. Ta bar mu a bakin ƙofa. Sai da dare ta nuna mana uwar yarinyar tana ƙirga ciniki, ta ga kuɗin sun fi na kullum, ta ɗaga ido ta dubi 'yarta, ta yi shiru, ta ƙulle su a gefen zani. Nan labarin ya ƙare. Ni dai da na kai ƙarshe sai da na kife wayar na ɗan jima.

Kafin la'asar an yi mata ca. Wannan ya ce ɓata tarbiyya ne, wancan ya ce tona asirin al'umma ne, wata ta ce adabinmu ya gama lalacewa. Yarinya ta goge labarinta, ta ba da haƙuri, kuma tun daga ranar ban sake ganin ta ce uffan a zauren nan ba.

A makon dai, wani littafi mai feji fiye da 100 ake ta yawo da shi ana sa masa albarka, wai tsaftatacce ne, babu batsa ko ɗis, kowa a cikinsa yana salla a kan lokaci. Na nemo shi na karanta. Jarumin matashi ne da bai kai 30 ba, yana da kamfanoni a Dubai da Landan, yana da jirgin sama na kansa, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwar talaka. An aura masa 'yar ƙauye bisa dole. Ya mare ta, ya kira ta ƙazama, ya kulle ta a ɗaki. Can gaba ya lura ashe fara ce mai gashi har gadon baya, sai ya saya mata mota, ita kuma ta yafe, aka tafi Umara. Har littafin ya ƙare babu wanda ya tambayi inda kuɗin suka fito, babu kuma wanda ya ce marin nan laifi ne.

To ga maganata, kuma a kanta zan tsaya: cikin waɗannan rubuce-rubuce biyu, idan akwai wanda ya cancanci a kira shi lalatacce, na biyun ne. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Kada wani ya yi saurin cewa na zo kare batsa. Ban zo ba. Wanda ke rubuta abin da ba zai iya karanta wa mahaifiyarsa ba, ya sayar wa yaran mutane a ɓoye ta WhatsApp, ya san abin da yake yi, kuma zan dawo kansa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka ɗauki kalma mai faɗi kamar lalacewa muka matse ta ta zama abu ɗaya tak, har ya kasance duk abin da ba shi da batsa mun yi masa shaidar lafiya.

Abubuwa uku muke cakuɗawa: sauyi, saɓo da ruɓewa. Ɗanyen mangwaron da ya nuna ya sauya kama, amma bai lalace ba. Mangwaron da aka sato an yi saɓo a kansa, amma shi lafiyarsa ƙalau. Wanda ya lalace shi ne wanda bayansa ke sheƙi, ka yanka ka tarar da tsutsa. Yawancin ihun da muke yi a kan na farko da na biyu ne. Na ukun kuwa, da yake bayansa na da kyau, shi muke ɗorawa a saman tire.

Mu fara da tarihinmu, don mu ga yadda wannan kalma ta sha zama sanda. Littattafan da yau muke cewa su ne na zamanin da ake rubutu na gaske, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ai su ne a shekarun 1990 aka ce sun zo rusa tarbiyyar 'yan mata. An yi ta tafka muhawara a jaridu tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, da Abdalla Uba Adamu da ya tsaya mata. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Shekara biyar bayan haka, a 2012, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne da Turanci, ana karanta shi a jami'o'in duniya. Me ke cikinsa? Magidancin da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa saboda wata mace mai zaman kanta. Babu unguwar da ba ta san irin wannan gida ba. Laifin Hajiya Balaraba kawai shi ne ta faɗa.

Koma baya ma, zuwa littattafan gasar 1933 da muke rantsuwa da su. A Jiki Magayi mai kuɗi ne ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, yaron da aka haifa ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya zama ajalin ubansa. A Shaihu Umar ana sace mutane ana sayarwa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam da Malam Zurƙe damfarar juna suke daga gari zuwa gari. Da wani sabon marubuci zai saka Jiki Magayi a zauren nan yau da sunansa, na rantse kafin magariba an sa shi ya goge. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma aƙalla mu tuna baran yadda take.

Ba mu kaɗai muke wannan kuskuren ba. A Faransa, cikin shekara guda, 1857, lauyan gwamnati ɗaya mai suna Ernest Pinard ya gurfanar da marubuta biyu bisa zargin cin mutuncin tarbiyya. Gustave Flaubert ya sha da ƙyar a kan littafinsa Madame Bovary, labarin matar aure da mafarkin rayuwar masu kuɗi ya kai ta ga cin amana da bashi da shan guba. Mawaƙi Charles Baudelaire kuwa an ci shi tara, aka cire waƙoƙi shida daga diwaninsa, kuma ba a soke hukuncin ba sai a 1949, shekara 92 bayan yanke shi. Yau duka biyun ana koyar da su a makarantun Faransa. A Jamus, mutanen Hitila sun ƙona littattafai a 1933, sannan a 1937 suka shirya baje koli a birnin Munich na zane-zanen da suka kira gurɓatattu, don jama'a su zo su yi musu dariya. Masu tsarkake al'adar nan su ne suka kashe miliyoyin mutane cikin 'yan shekarun da suka biyo. Ashe mai yawan ihun lalacewa ba lallai ne shi ne lafiyayye ba.

Shin wannan na nufin babu wani abu wai shi lalacewa, duk surutun tsofaffi ne? A'a. Akwai ta, kuma ina ganin muna cikinta tsundum. Sai dai ba a inda muke haska fitila take ba.

Wanda ya fi kowa yi mini bayaninta shi ne Ibn Khaldun, malamin Tunis da ya rubuta Muƙaddima a 1377. Shi bai ce dauloli na faɗuwa don mutane sun fara saɓo ba, domin babu zamanin da ba a saɓo. Ya ce ɗaukakar gida ba ta cika wuce zuriya huɗu ba. Na farko shi ne mai gini, ya san wahalar da ya sha da halayen da suka kai shi. Na biyu ya ga ubansa yana yi, ya koya a wurinsa, amma wanda ya gani bai kai wanda ya yi ba. Na uku kwaikwayo kawai yake, yana yin abu don haka ya tarar ana yi, bai san dalili ba. Na huɗu kuwa zato yake ɗaukakar a jininsa take, ba sai ya yi komai ba. Shi ne mai rushewa. Cutar da ke cin su kuma Ibn Khaldun ya kira ta taraf, wato nutsewa cikin jin daɗi da ƙawa har mutum ya manta da abin da ya samar da su.

A ƙasarmu ma an gani. Jihadin 1804 bai yi nisa ba Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya fara kuka da yadda wasu suka karkata ga mulki da tara dukiya da tufafi da dawakan ado, har ya bar rundunar ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Kukan nasa na nan cikin Tazyinul Waraƙat. Ku lura, mutanen da yake kuka da su ba salla suka bari ba, ba rawani suka cire ba. Bayan mangwaron na nan yana sheƙi. Abin da aka fito dominsa ne ya fara zubewa daga ciki.

Ku ɗauki wannan ma'auni ku auna al'adunmu na yau. Mun tattara tarbiyya kacokan mun rataya ta a jikin 'ya mace: tsawon mayafinta, sautin muryarta, hoton da ta saka. Yarinya ta yi rawa a TikTok gari ya ɗauka, kuma ban ce ta kyauta ba. Amma wanda ya cinye kuɗin asibitin garinsu, mata na mutuwa wurin haihuwa, shi ake matsa wa a sahun gaba, shi ake naɗa wa sarauta, shi mawaƙa ke wasawa. Lefe da aka faro don sutura ya koma gasar akwatuna, ana cin bashi a yi bikin mako guda, auren ya mutu kafin a gama biya. Yaro ɗan shekara bakwai yana yawo da roba a titi cikin sanyin hunturu, mun saba da ganinsa har ba ma ganinsa. Al'adar tana nan, sunanta na nan, amma dalilinta ya tafi. Wannan ita ce lalacewa, kuma ba ta da ƙara. Gara ba ta sallama in za ta ci azara.

Turawa ma da suka yi wa abin suna, daga kalmar Latin mai nufin faɗowa suka samo shi, kuma da farko ƙarshen daular Rum suke nufi da shi. A shekarun 1880 wasu marubutan Faransa suka karɓi sunan da aka zage su da shi suka mayar da shi taken tafiyarsu. Littafin da ya zama tutarsu shi ne na Huysmans na 1884. Labarin wani ɗan gidan sarauta ne, na ƙarshe a zuriyarsu, da duniya ta gundure shi, ya kulle kansa a gida da turaruka da littattafai da kayan ƙawa. Ya sayi kunkuru, ya sa aka shafe ƙoƙon bayansa da zinari, aka jera masa duwatsu masu tsada don ya dace da dardumar ɗaki. Kunkurun ya mutu. Ban san hoton da ya fi wannan kama da yawancin littattafanmu na yanzu ba. Mun ɗora wa labari zinari, da motoci, da leshi, da falo bakwai, har ya daina numfashi. Bambancin kawai shi ne Huysmans ya san kunkurunsa ya mutu, da gangan ya nuna mana gawar. Mu kuwa muna ta jan namu a kan darduma muna cewa tafiya yake.

Bari in sauko kan alamomin, don kada a ce zagi nake a dunƙule.

Ta farko, kwaikwayon kwaikwayo. Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, amma ya tauna su ya haɗiye, suka fito da rigar Bahaushe, da fada da kasuwa da bakin magana irin namu. Imam ya karanta Larabci, ya karanta Turanci, ya kuma saurari mutane. Marubucinmu na yau fa? Da yawa babu abin da suka karanta sai littafin da ya fito bara, wanda shi ma daga na bara waccan aka kwafo shi, wanda shi kuma daga fim ɗin Indiya ko na Koriya aka tsamo shi. Shi ya sa duk jarumi miskili ne, duk jaruma na da dara-daran idanu, duk kishiya boka take bi, duk uwar miji muguwa ce. Kowa yana sauke ajiyar zuciya, kowa yana lumshe ido, kowa yana taɓe baki. Marubuciya tana zaune a Gusau ko Maraɗi, a tsakiyar labaran da duniya ba ta taɓa ji ba, amma tana rubuta gidan Abuja da ba ta taɓa shiga ba. Zuriya ta uku ke nan a lissafin Ibn Khaldun.

Ta biyu, bautar dukiya. Wannan ita ta fi ba ni tsoro, domin da rigar tarbiyya take shigowa. Littafi ya koya wa 'yar shekara 16 cewa ladan haƙuri shi ne auren mai kuɗi, cewa namijin da ya wulaƙanta ki yana son ki ne bai sani ba, cewa baƙar mace sai dai ta zama 'yar aiki ko muguwar ƙawa, cewa talaka ba mutum ba ne sai an gano ashe ɗan sarki ne da ya ɓata. Sannan a rufe da addu'a, mu ce ya faɗakar. Ku gaya mini, tsakanin wannan da labarin mai tallan gyaɗa, wanne zai fi kai yarinya shagon wancan mutumin? A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya, ya bi attajiri har cikin harkarsa ta fasa-ƙwauri ya nuna mana tushen dukiyarsa. Yau tambayar da littattafanmu suka fi tsoro ita ce: Alhaji, ina ka samu?

Ta uku, feji ya cinye littafi. Wani manazarcin Faransa, Paul Bourget, ya bayyana lalataccen salo a farkon shekarun 1880 da cewa shi ne inda littafi ke wargajewa kowane shafi ya ci gashin kansa, shafi ya wargaje jimla ta ci gashin kanta. Kamar yana kallon wayoyinmu. Muna rubuta feji ɗaya da dare mu saki da safe, ba mu san inda labarin zai ƙare ba. Masu sharhi suka ce a kashe wance, sai a kashe ta. Suka ce a ƙara, sai a jawo hatsarin mota da mantuwar ƙwaƙwalwa a ƙara feji 40. Kowane feji burinsa ɗaya, ya sa a biya kuɗin na gaba. Ba gini ake ba, jera bulo ake a fili.

Ta huɗu, harshe. Ba ina maganar aron kalma ba, Hausa ta daɗe tana aro daga Larabci da Turanci da Barbarci tana narkarwa. Ina maganar marubucin da bai damu ya bambance ƙ da k ba, wanda ke rubuta rabin jimla da Turanci don jarumarsa ta zama wayayyiya, wanda bai san sunan kayan cikin ɗakin kakarsa ba amma ya san sunan turare goma na Faransa. Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cusa karin magana biyar a sakin layi ɗaya da tsofaffin kalmomin da su kansu ba su san ma'anarsu ba, wai su masu Hausa. Duk kunkuru ɗaya ne, zinarin ne ya bambanta. Ibn Khaldun ma ya koka da marubutan zamaninsa da suka cika wasiƙun hukuma da ƙafiya da ado har maganar da ake son isarwa ta ɓace.

Yanzu mu dawo kan batsa. A ganina ita 'ya ce, ba uwa ba. Idan miya ba ta da nama ba ta da daddawa, yaji ake zambaɗa mata. Marubucin da ba shi da labari, ba shi da mutane masu rai, ba shi da abin faɗa, kuma dole gobe ya saki feji a biya shi, me ya rage masa? Sai ya buɗe ƙofar ɗakin kwana. Da an saba da wannan sai ya ƙara, domin yajin jiya ba ya jin mai ci yau. Shi ya sa ƙona littafi bai kashe ta ba. An ƙona na takarda a 2007, ta dawo ta waya inda babu ashanar da za ta kai. Ka kori batsa ka bar fankon da ya haife ta, gobe za ta dawo da sabon suna. Mai wa'azin da aka liƙa a ƙarshen fankon labari da mai batsar da aka liƙa a tsakiyarsa, rami ɗaya suke cikewa.

Na san abin da za a ce. Za a ce masu karatu ne ke so. To wa ya saba musu? Masu karatun nan jikokin waɗanda suka haddace Magana Jari Ce ne, ƙannen waɗanda suka yi layi a kasuwa suna hayar littafin Anti Bilki Funtuwa. Yaron da aka yaye da alewa ba zai nemi fura ba, amma ba shi ya yaye kansa ba.

Za a ce rayuwa ta yi zafi, mutane na son abin da zai mantar da su. Wannan gaskiya ce, kuma ban raina ta ba. Matar da ta wuni a kan murhu tana da haƙƙin ta huta da labari mai daɗi. Tatsuniya ma hutu ce. Amma Gizo bai taɓa koya wa yaro ya raina gidansu ba. Akwai hutun da za ka tashi ka ji ƙarfi, akwai wanda za ka tashi ka dubi mijinki ko matarka da ɗakinku ka ji duniya ta cuce ka. Na biyun ba hutu ba ne.

Za a ce marubuci ma sai ya ci abinci. Ƙwarai kuwa. Ban ce kowa ya yi kyauta ba, su Gidan Dabino ma da kuɗinsu suka buga suka kai kasuwa suka sayar. Amma manomin da yunwa ta sa ya dafa irin shukarsa ya ƙoshi yau ne kawai. Amanar mai karatu da lafiyar harshe su ne irinmu. In muka cinye su, waɗanda za su zo bayanmu me za su shuka?

Za a kuma ce ni ma ɗin mai kukan bara ne. A'a. Ban yarda cewa zamani ne ke lalacewa ya ja kowa ba. Masu tarihin adabin Larabci sun daɗe suna kiran ƙarnonin da suka biyo bayan faɗuwar Bagadaza a 1258 da sunan zamanin koma-baya. Amma a cikin wannan zamanin ne aka samu Alburda ta Busiri da ake rerawa a garuruwanmu har gobe, da ƙamus ɗin Lisanul Arab, da ita kanta Muƙaddima. Haka mu ma. A wannan zamanin namu da ake zagi ne BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, kuma labarin da ya fara lashe ta, Sansani, a kan 'yan gudun hijira yake. Duk shekara mata na aiko da labaran da ke kallon rayuwa ido cikin ido. Zuriya huɗun nan ba shekarar haihuwa ba ce. A zaure ɗaya, a mako ɗaya, za ka samu mai gini da mai rushewa. Kowa shi ke zaɓar layinsa duk ranar da ya ɗauki alƙalami.

Saboda haka, ɗan uwa ko 'yar uwa mai shirin fara rubutu, kafin ka saki feji na gaba yi wa kanka tambayoyin nan. Abin da na rubuta, na gan shi da idona ko na ji shi da kunnena, ko kuwa a wani littafin na tsince shi? Jarumina, na san sana'arsa da inda yake samun kuɗi? Idan an zalunci wani a labarina, labarin ya san zalunci ne, ko ya shafa masa hoda? Idan na cire motoci da tufafi da kwatancen fuska, me ya rage? Na san ƙarshen labarin kafin in fara sayar da farkonsa? In amsoshin ba su yi maka daɗi ba, kada ka karaya. Ajiye wayar, je ka zauna wurin kakarka, ko tashar mota, ko layin asibiti, ko bakin kotun da ake raba aure. Saurara. Labaran da ke wurin sun fi ƙarfin duk wani miskilin attajiri.

Mu kuma masu sharhi, mu ji tsoron Allah a kan sababbin marubuta. Kafin ka rubuta wa wani cewa yana ɓata tarbiyya, tambayi kanka: mugun abu ya ƙawata, ko mugun abu ya tona? Likitan da ya buɗe gyambo ba shi ya kawo ciwon ba. Nuna ɓarna daban, tallata ɓarna daban, kuma wanda bai iya bambance su ba bai kamata ya riƙa yanke wa rubutun mutane hukunci ba.

Ke kuma ƙanwata mai labarin tallan gyaɗa, ban san ko kina karanta wannan ba. In kina nan, ki dawo da labarinki. Akwai gyara a cikinsa, sakin layinki na biyu ya yi tsawo, kuma kin yi gaggawa wurin shigo da mai shagon. Waɗannan a zauna a gyara su ne. Amma shirun da uwar nan ta yi tana ƙulle kuɗi a gefen zani, ni ban karanta abin da ya kai shi ba a zauren nan cikin shekarar nan. Ba ke ya kamata ki ba da haƙuri ba.

Wanda yake ganin na yi kuskure, fili nasa ne a ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: a kawo hujja daga littafi, a bar zagi. In na ga wadda ta fi tawa, zan dawo mako mai zuwa in faɗa da bakina.

Allah Ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu, ba a kanmu ba. Wassalam.